Ƙaddara da Sababi a Bakin Gareji

Akwai maganganu biyu waɗanda ba a rasa jinsu duk inda motar iyali ta tsaya aka ɗaga bonet, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ne, ko a Panteka ta Kaduna, ko kuwa a gefen hanya inda dare ya riski matafiyi. Mai mota, bayan ya gaji da tsayuwa, ya laluba aljihunsa ya waiwayi yaran da ke zaune a baya, sai ya ce ƙaddara ce. Bakanike kuwa, tun bai gama sauraron kukan injin ba, sai ya ce wallahi giya ce ta tafi, sai dai a sayo wata. Na farko ya ambaci Allah don ya huta da bincike, na biyu ya ambaci Allah don a gaskata binciken da bai yi ba, kuma a ganina dukansu biyu sun yi tuntuɓe a kan mas'ala guda, wadda malaman tauhidi suka daɗe da warwarewa tun ba a ƙera mota ba, wato mas'alar sababi da abin da ke biyo bayansa.

A zamanin da Peugeot 504 take sarautar hanyoyinmu, bayan da masana'antar haɗa ta ta Kaduna ta fara aiki a 1975, mai mota yakan iya wanke kafireta da hannunsa, ya kankare fulogi, ya gane ciwon kuloci daga tafin ƙafarsa. Amma motocin da suka gaje ta a ƙofar gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa, irin su Toyota Camry da Honda Accord da ake shigowa da su daga Amurka ta Kwatano da Legas bayan sun ci rabin rayuwarsu a can, injinsu kwamfuta ce ke auna masa mai da iska, giyarsu kuma otomatik ce, rufaffiya, ba a ganin cikinta sai an sauke ta. Saboda haka mai mota ya koma muƙallidi, yana bin faɗar wani ba tare da ya ga dalili ba. Wannan ba aibi ba ne, domin Alƙur'ani da kansa ya umarci wanda bai sani ba ya tambayi masana. Sai dai ya kamata ga mai taƙlidi ya san wane irin ilimi ne ake sayar masa, da iyakar da ilimin yake tsayawa.

Shehu Muhammadu Sanusi mutumin Tilimsana, wanda ya rasu a 1490, wanda kuma ɗan littafinsa Ummul Barahini ya zagaye zaurukan karatu na ƙasar nan ƙarni bayan ƙarni, ya kasa hukunci gida uku a cikin wani littafinsa, Muƙaddimatu: na shari'a, da na hankali, da na al'ada. Hukuncin al'ada a wurinsa shi ne tabbatar da alaƙa tsakanin abu da abu saboda maimaituwar haɗuwarsu, tare da yarda cewa alaƙar tana iya saɓawa, kuma ɗayansu ba shi ne yake yin tasiri a cikin ɗayan da ikon kansa ba. Tun gabaninsa Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya buga misali da wuta da auduga a cikin raddin da ya yi wa masana falsafa, inda ya nuna cewa abin da ido yake gani shi ne ƙuna tana aukuwa a lokacin da wuta ta taɓa auduga, amma ido bai taɓa ganin wajabcin da ya ɗaure su ba. To, dukan ilimin kanikanci, tun daga na yaron da ke riƙe sifana har zuwa na injiniyan da ya zana injin, daga wannan gida na uku yake. Cewa shuɗin hayaƙi a salansa alamar baƙin mai ne yake ƙonewa, baƙin hayaƙi alamar fetur ya yi wa iska yawa, farin hayaƙi mai kauri da mai da ya koma kamar madara alamar gaskit ya ƙone ruwa ya shiga inda ba wurinsa ba, duk wannan ba wahayi ne ya zo da shi ba, ba kuma hankali ne ya wajabta shi ba. Gani ne aka yi aka sake gani, har ya zama abin dogaro.

A nan ne wasu masu ƙaramin karatu suke zamewa. Suna jin an ce sababi ba ya tasiri da kansa, sai su ɗauka an ce sababi ba shi da amfani, alhali kuwa malaman da suka faɗi na farkon ba su taɓa faɗin na biyun ba. Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya yi wa Gazali raddi da cewa wanda ya kore sabubba ya kore ilimi baki ɗaya, kuma ko da yake ban bi shi a kan wajabcin da ya ɗora wa ɗabi'a ba, tsoron da ya ji tsoro ne na gaskiya, ana kuwa ganin abin da ya tsorata a bakin gareji kullum. Al'adar da ake magana a kanta sunnar Allah ce a cikin halittarsa, wadda Ya gudanar a kan tsari domin bayi su iya shuka su girba, su yi magani, su yi tafiya su dawo. Wanda ya raina ta da sunan tawakkali, tsarin Ubangijinsa ya raina, ko da bai nufa ba.

Ga misali wanda masu Camry da yawa suka sani a jikinsu. Injin lita 2.4 mai silinda huɗu da aka sa wa motocin 2007 zuwa 2009 ya yi suna da shan baƙin mai, ba don yana yoyo ba, sai don ringin fistin yakan daskare, mai ya haura sama ya ƙone tare da fetur. Masu motoci a Amurka, kowa a garinsa, suka riƙa zaro sandar awo suna ganin mai ya ragu alhali ƙasa a bushe take, suka kai kuka har labarin ya kusa kai haddin tawaturi, wato labarin da yawan masu ba da shi ya hana a ƙaryata shi. A 2011 kamfanin ya aika wa kanikawansa takardar bayani a kan matsalar, ya ajiye gwaji, wato a cika mai a rufe, a yi tafiyar mil 1,200, sannan a auna abin da ya ragu, daga baya kuma ya tsawaita lamunin gyara ga waɗanda gwajin ya kama. Yanzu mutumin da ya sayi irin wannan mota a Kano, aka gaya masa halinta, ya yi wata uku bai duba mai ba har injin ya buga a hanyar Zariya, lalle abin da ya same shi da ƙaddarar Allah ya same shi, kamar yadda kowane abu yake aukuwa. Amma ƙaddara ba ta zama hujja ga mai sakaci, kamar yadda ba ta zama hujja ga mai saɓo.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan babi shi ne yadda bakanike na ƙwarai yake bin hanyar malaman usulu ba tare da ya taɓa zama gabansu ba. Idan suna neman illar hukunci, sukan tattara dukan siffofin da ke iya zama illa, su riƙa jarraba su suna zubarwa ɗaya bayan ɗaya har saura guda, wannan shi ne sabru da taƙsimi; sukan kuma duba ko hukuncin yana samuwa da samuwar siffa yana gushewa da gushewarta, wannan shi ne dawarani. A ɗauki motar da ke karkarwa idan ta kama gudu madaidaici. Wannan alama guda tana iya fitowa daga fulogin da ya mutu, ko kwayil, ko injekta da ta toshe, ko kujerar injin da ta tsage, ko kuwa daga cikin giya, inda man da ya tsufa ko wanda ba nata ba yake sa ta kamawa tana saki. Gwani sai ya fara da mai sauƙi. Idan na'urar gwaji ta nuna P0301, wato silinda ta ɗaya tana fashin wuta, sai ya cire kwayil ɗinta ya musanya da na ta biyu, ya tayar da mota. In laifin ya tashi ya koma P0302, to ya bi kwayil ke nan, an kama shi da kuɗi kaɗan, giya kuwa ta kuɓuta daga hukuncin da aka so a yanke mata bisa zato. Haka kuma zai zaro man giya ya duba launinsa ya shinshina, domin ja mai haske dabam, baƙi mai ƙaurin ƙuna dabam, ya tambaya wane iri aka zuba a juyen baya, tun da Toyota da Honda kowanne yana da man da ya ƙayyade wa giyarsa, ba su kuwa karɓar na juna.

Ita kanta na'urar gwaji, wadda dokar Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can mahaɗinta tun 1996, mutane sun ɗora mata abin da ba nata ba. Matsayinta matsayin shaida ne a gaban alƙali: tana faɗin abin da ta gani, ba ita ke yanke hukunci ba. Idan ta ce P0171, abin da ta shaida kawai shi ne iska ta rinjayi fetur. Ko tiyo ne ya tsage yana shaƙar iska, ko ma'aunin iska ne ya yi datti da ƙurar hunturu, ko famfon mai ne ya raunana, wannan sai an bincika. Wanda ya karanta lamba ya aika a sayo abin da sunansa ya fito a allo, ya mai da shaida alƙali.

Daga nan ne laifin rantsuwar bakanike yake bayyana. Hukuncin al'ada, komai ƙarfinsa, yana karɓar saɓani, mafi yawan abin da ake samu a gareji kuwa zato ne mai rinjaye, ba yaƙini ba. A watan Fabrairu na 2022, bayan da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, motoci sun yi ta tsayawa da alamun da a ranar yau da kullum za a ɗora wa famfo ko injekta, alhali asalin ciwon yana cikin tanki. Mai gaskiya a sana'a zai ce: ranka ya daɗe, abin da ya fi rinjaye a zatona kaza ne, bari mu gwada kafin ka kashe kuɗi. Abin takaici, masu motoci da kansu su ne suke gudun mai irin wannan magana, su tafi wurin mai rantsuwa, domin zuciya tana son a yanke mata shakka ko da da ƙarya ne.

Ban ce ƙaddara ba ta da wuri a wannan magana ba. A 2004 Honda ta kira Accord masu silinda shida na 2003 da 2004 a dawo da su, saboda wani haƙorin giya da ba ya samun isasshen mai yana yin zafi har ya lalace. Wanda giyarsa ta mutu ta wannan hanya bai yi sakaci ba. Ya yi juye a kan kari, ya tuƙa da hankali, aibin yana ɓoye tun daga masana'anta, inda iliminsa ba ya kaiwa. Irin wannan shi ne mutumin da imani da ƙaddara yake yi wa amfani, ya hana shi cizon yatsa da zargin matarsa ko direbansa, ya hana shi kuma neman wanda ya yi masa sammu ko baki, ya biya abin da zai iya ya yi haƙuri. Wurin ƙaddara a zuciya bayan an gama ƙoƙari ne.

Saura mas'ala guda wadda ta fi sauran nauyi, domin ta fita daga tauhidi ta shiga haƙƙin bayi, ita ce ɓoye alama maimakon neman sababi. Mota ta yi zafi, maimakon a duba lagireto da fanka da famfon ruwa, sai a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, allura ta sauka, ciwon yana nan, injin kuma ya koma aiki a sanyin da ba a ƙera shi dominsa ba, yana ƙara shan fetur. Wutar gargaɗi ta kama a gaban direba, sai a cire ƙwanta. Wanda ya yi haka ga motar da yake ɗaukar iyalinsa, ya yi wasa da amanar da aka ba shi. Wanda kuwa ya yi haka don ya sayar, ya zuba mai mai kauri don hayaƙi ya ɓuya, ya goge lambobin kwamfuta da safe kafin mai saye ya iso, wannan algushu ne tsantsa, kuma Risala ta Ibnu Abi Zaidi, wadda ɗalibai suke karantawa tun suna ƙanana, ta hana ɓoye aibin haja a fili. A mazhabar Maliku, mai sayen da ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓi ya mayar da mota ya karɓi kuɗinsa, dillalin da ya sani ya yi shiru kuma yana da kasonsa na zunubin.