Daren Baƙo a Firag

Shari'a ta tausaya wa matafiyi ƙwarai. Sallah mai raka'a huɗu ta koma biyu, an yarje masa ya ajiye azumi ya rama in ya koma gida, an kuma ba shi damar haɗa salloli. Sai dai matafiyin da muka karanta a zaure mutum ne da ke isa zango a galabaice, ya sauke kaya, ya miƙe ƙafa, barci ya kwashe shi. Na yau daban ne. Ƙarfe biyar ya gama abin da ya kawo shi, ya watsa ruwa, ga guzuri a aljihu, ga dare guda a gabansa, kuma duk faɗin garin babu wanda ya san sunan ubansa. A ganina, a nan fiƙihun tafiya na zamaninmu ya fi nauyi.

Birnin da ya sa na yi wannan tunani shi ne Firag, babban birnin Jamhuriyar Cek, ƙasar da kamfanin takalman Bata ya samo asali a 1894, sunan da har yau ake kiran wani wuri da shi a Kano. A zauren kowane otal za ka tarar da takardun talla na abin da suke kira liyafar gargajiya. Mota ta ɗauke ka wajen ƙarfe bakwai, a tarbe ka a bakin ƙofa da ɗan kofin giyar zuma, a zaunar da kai a dogon tebur tare da baƙi daga ko'ina. Makaɗa na buga cimbal, wani faffaɗan akwati mai tsirkiyoyi da ake kaɗawa da 'yan sanduna biyu, ga goge irin nasu, ga abin busa mai jakar fata. Samari da 'yan mata cikin tufafin ƙauye masu aikin zare suna taka rawar polka, wadda aka haifa a Bohemiya wajen 1830. Abinci kala-kala, naman alade ne kan gaba, amma akwai kaza da kifi. Kuɗin shiga kuwa ya haɗa da giya iya shanka.

Da muka zauna shawara da abokan tafiyata kan zuwa liyafar, nan take magana ta karkata ga kiɗa. Wani ya kawo Risala ta Ibnu Abi Zaid, inda aka hana ganganta sauraron kayan kiɗa da waƙa. Wani ya kawo Imamu Gazali, wanda ya ware babi guda a Ihya'u ya halatta sauraro bisa sharuɗɗa, da Ibnu Hazm da ya raunana hadisan hanin. Aka tuno Habashawan da suka yi wasan masu a masallacin Madina, Nana A'isha tana kallo ta bayan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wannan saɓani ya haura shekara dubu, ba mu ne za mu kashe shi a zauren otal ba. Abin da ya dame ni shi ne mun ɓata sa'a guda a kan abin da malamai suka saɓa, mun tsallake teburin da za mu zauna.

Teburin nan shi ne maganar. Hadisin Jabir da Tirmizi ya ruwaito ya hana mai imani zama a kan teburin da ake zagayawa da giya, kuma bai keɓe wanda ba ya sha ba. An ruwaito cewa an kawo wa Umar ɗan Abdul'aziz mashaya, aka ce masa ɗaya daga cikinsu mai azumi ne, ya ce da shi za a fara. Babban cikinmu ya ce, "Malam, ai ni lemo zan sha." Na ce, "Alhaji, na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma kuɗin da ka biya, har da na giyar a ciki, kuma don ita aka jera kujerun." Akwai bambanci tsakanin jirgin sama ko gidan abinci, inda wani can yake shan abinsa kai kana cin naka, da taron da aka gina a kan shan. Na farko larura ce ta zama cikin mutane. Na biyu da ƙafarka ka je, bayan ka karanta takardar. Mutanen Cek ba su ɓoye komai ba: shekara da shekaru su ke kan gaba a duniya wajen shan giya idan aka raba da yawan jama'a, kuma suna alfahari da irin wadda aka fara dafawa a Pilsen a 1842. A wurinsu cika maka kofi karamci ne. Ban ga laifinsu ba, iyakar tawa ce, ni ya kamata in san ta.

To amma ba na tare da wanda zai ji wannan ya ja ƙofar ɗaki ya kulle, ya kwana yana latsa waya yana ganin ya tsira. Abin da ke cikin wayar nan sau da yawa ya fi abin da ya gudu muni. Kuma Suratul Hujurat ta gaya mana dalilin da ya sa aka yi mu al'ummu da ƙabilu, wato mu san juna. Baƙo ko da ido makaho ne, balle wanda ya rufe idon da kansa.

Akwai abin sani a bayan rawar nan, kuma yana taɓa zuciya. Bayan yaƙin Farin Dutse na 1620, Jamusanci ya mamaye fada da ofis da makarantun birni, harshen Cek ya koma bakin manoma. A ƙauye ya ɓuya, cikin waƙoƙin biki da na girbi, da bakin masu wasan 'yar tsana irin su Matej Kopecky da ke yawo gari-gari suna wasa da harshen talakawa. A ƙarni na 19 wani limamin coci, Frantisek Susil, ya bi ƙauyukan Morabiya ya rubuta waƙoƙi fiye da 2,000. Babban gidan wasan ƙasa na Firag da karo-karon jama'a aka gina shi, aka buɗe a 1881, gobara ta cinye shi a shekarar, suka sake tara kuɗi suka buɗe a 1883. Rawar verbunk kuwa, wadda UNESCO ta karrama a 2005, asalinta rawar samarin da ake ɗiba aikin soja ce. Kowane saurayi yana fara ta da waƙa, sannan ya yi tsalle ya durƙusa yadda ransa ya ba shi, ba ya kwaikwayon na kusa da shi. Wanda ya san harshensa na fuskantar turereniya da Turanci a bakin 'ya'yansa ba zai ji wannan tarihi ya wuce haka nan ba. Kuma kaɗan daga cikinsa ne ke isa teburin liyafa, inda ake yanka kowace rawa gajera don kada miya ta huce.

Saboda haka na raba abin gida biyu, na ɗauki wanda nake nema. Na kalli wasan 'yar tsana a ƙaramin zaure, inda tikiti kujera kawai yake saya maka. Na je gidan tarihin al'adu da ke lambun Kinsky na ga tufafin da idona. Na taka Gadar Charles, wadda aka aza harsashinta a 1357, bayan cincirindo ya ragu. Wanda tafiyarsa ta faɗo ƙarshen Yuni zai iya zuwa Straznice, inda ake bikin gargajiya tun 1946, ya ga masu rawar a fili. Can ma ana sha, yankin inabi ne, amma wuri ne buɗaɗɗe, kai ke zaɓen inda za ka tsaya. A lissafa da sallah ma: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Firag sai bayan ƙarfe tara, wato magariba na riskar mutum a tsakiyar wasa, sai ya ƙudurta haɗa ta da isha'i tun kafin ya fita.

Inda abin ya fi wuya shi ne idan mai masaukinka ne ya shirya liyafar don girmama ka, ya biya, ya sa sunanka a kan kujera. Nan ba na yi wa kowa saurin hukunci, don akwai haƙƙin mai gida, akwai kuma aikin da aka aiko ka. Abin da na ga yana aiki shi ne a yi magana da wuri, tun ranar da aka turo jadawali, ba a bakin ƙofa ba. Mutanen Cek ba su da yawan kwana-kwana, kuma da yawansu ba su bin kowane addini, don haka ba sa jin ka zagi nasu. Da na gaya wa mai masaukinmu, ya tambaya ko kifin ne matsalar. Na ce a'a, teburin ne. Ya yi ɗan shiru, sannan ya sa aka nema mana tikitin wasan 'yar tsana na washegari, shi ma ya zo da matarsa.