Amana da Takarda: Wanne Ya Kamata Ya Riƙe Cinikin Gida?

Akwai wata magana da ke yawan fitowa duk lokacin da aka zauna cinikin gida a unguwarmu. Mai saye ya ce a kira lauya, sai mai sayarwa ya ɓata rai ya ce, "Haba Alhaji, ni da kai har sai an rubuta?" Daga nan kunya ta rufe bakin mai saye, a yi salati, a miƙa kuɗi, a watse da rasit ɗin dillali. Tambayar da ya kamata mu tsaya a kanta ita ce: wanda ya nemi takarda, ya zargi ɗan'uwansa ne? Wanda kuma ya ƙi rubutawa don kara, ya kyauta?

Masu cewa amana ta isa suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Tun da aka kafa Sabon Ibadan a 1916, kasuwancinmu a kan kalma yake tafiya. Fatake su kawo shanu daga Arewa, mai gida ya sauke su, ya tsaya wa mahauci a ba shi bashi, kuɗi su dawo ba tare da an sa hannu a ko'ina ba. Goro ma haka. Wanda ya ci amana sau ɗaya, ya gama kasuwa, don labarinsa zai riga shi isa Kano. Wannan shi ne jarin da ya riƙe mu a ƙasar da ba tamu ba, kuma mutum yana da gaskiya idan ya ji tsoron kada lauyoyi su ci shi.

To amma gida ba sa ba ne. Bashin sa ana biyansa cikin makonni, mai saye da mai sayarwa da shaidu duk suna raye. Gida kuwa yana nan bayan an binne su duka. Ranar da rigima za ta tashi, waɗanda za su tsaya gaban alƙali marayu ne da gwauruwa a gefe guda, jikokin mai sayarwa a ɗaya gefen, babu wanda ya ga cinikin a cikinsu. Amanar da ke tsakanin dattawa biyu ba ta shiga rabon gado. Saboda haka wanda ya ce a rubuta, yaran da ba su iya kare kansu ba yake wa tanadi, har da na mai sayarwar. Ai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ta sauka ne ga mutanen da suka fi mu amana.

Sannan dole mu san inda muke zaune. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe a madadin jama'a. Abin da muke kira mallaka, a idon doka izinin zama ne, shi ya sa satifiket yakan zo da wa'adin shekara 99. Sashe na 22 ya ce mai wannan izini ba zai miƙa shi ga wani ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. A 1989 Kotun Ƙoli, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, ta ce wannan ya haɗa har da filayen birni da mutane suka mallaka tun kafin dokar. Ka ga ke nan, "tun kakana muke nan" ba ta ɗauke wa kowa wannan sharaɗi ba. Rasit da zama a cikin gida suna ba mutum wani haƙƙi, amma ba su kai yarjejeniyar da lauya ya rubuta, aka biya harajinta, aka yi mata rajista a ma'aikatar filaye ba.

Ga kuma al'adar masu masaukinmu. A ƙasar Yarabawa fili da yawa na dangi ne. Idan wani ɗan gida ya sayar ba da sanin shugaban gidan ba, wanda a Ibadan ake kira Mogaji, cinikin banza ne tun daga tushe. Idan shugaban ne ya sayar da sunan dangi ba tare da manyan gidan ba, suna iya zuwa kotu a warware. Wannan ce ƙofar da omo onile ke shigowa, har wani ya biya kuɗin fili ɗaya sau biyu. Kuma kada mu manta, a nan babu kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati irin ta Kano ko Sakkwato. Sarkin Hausawa da limamai suna sulhu, Allah ya saka musu, amma idan ɗaya ya ƙi, babbar kotu za a je, ita kuwa takarda take fara tambaya.

Nauyin ya fi yawa a kan mai sayarwa, don shi ne ya san abin da mai saye bai sani ba. Shi ya san ko an jinginar da takardun a banki, ko titi zai bi ta wurin, ko ruwa na shiga ɗakuna da damina. Mafi muni shi ne gidan gado da babban wa zai sayar alhali ƙannensa mata na aure a Zariya ko Katsina ba su ji ba. Malamanmu sun daɗe suna gaya mana cewa ɓoye aibin haja haramun ne. Yin shiru a nan ƙarya ce, ko da baki bai motsa ba. Dillali ma kada ya ce nasa la'ada ce kawai. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wani zai ce kuɗin lauya da safiyo da rajista sun yi yawa, ga jeka-ka-dawo a sakatariyar Agodi. Gaskiya ne, akwai wahala, talaka kuma shi ya fi jin ta. Amma a auna ta da shekarun da shari'ar fili ke ci. Abin da ya kamata shi ne a sa wannan kuɗi cikin lissafin ciniki tun farko. Kafin a ba da kafin alƙalami, lauyan mai saye, wanda ba shi ne na mai sayarwa ba, ya bincika rajista. Safiyo ya auna ya fitar da taswira. Idan gidan gado ne, a ga takardar kotu ta kula da dukiyar mamaci, kowane magaji ya sa hannu, mace da namiji. Kuɗi su bi ta banki.

Muna kira ga dattawa da limamai su cire wa mutane wannan kunya. Idan su ne suka fara cewa "a rubuta" a wurin ciniki, babu wanda zai ji an zarge shi. Mai gaskiya ba ya asarar komai idan an rubuta, kuma 'ya'yanmu za su gaji gida tare da zumuncin maƙwabta. Allah ya sa mu gama da duniya lafiya, babu haƙƙin kowa a wuyanmu.