Motar Alfarma Mai Fetur da Lantarki a Ma'aunin Israfi

Maganar abin hawa tsohuwar magana ce a wurin malaman Musulunci, domin Alƙur'ani a Suratun Nahli ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna a cikin ni'imomin Allah, ya kuma haɗa musu amfani biyu, wato hawa da ƙawa, sannan hadisi ya lissafa abin hawa mai daɗi a cikin abubuwan da ke sa rayuwar mutum ta yi armashi. Wannan Alƙur'anin kuma shi ne ya kawo labarin Ƙaruna a Suratul Ƙasasi, wanda ya fito wa mutanensa cikin adonsa har zukatan masu son duniya suka raurawa. Saboda waɗannan nassoshi malamai ba su taɓa yanke hukunci a kan doki don tsadarsa kawai ba, sai sun duba halin mai shi da haƙƙoƙin da ke wuyansa. Motar alfarma mai aiki da fetur da lantarki, wadda masu sayar da motoci ke kira haibirid, ta shigo wannan tsohuwar muhawara da wata hujja da doki bai taɓa zuwa da ita ba, domin mai ita yana iya cewa kuɗin da ya zuba tattali ne, tun da motar ba ta shan mai kamar sauran, kuma hayaƙinta kaɗan ne.

Kafin a auna wannan hujja sai an fahimci yadda motar take aiki. Tana da injin fetur kamar kowace mota, amma an haɗa shi da injin lantarki da babban batir, kuma kwamfuta ce ke raba aiki tsakaninsu, ta yadda a cikin cunkoso ko lokacin tashi daga tsaye injin fetur yakan mutu lantarki ya ja motar, idan kuma direba ya taka birki sai injin lantarkin ya koma janareta, ya mayar da ƙarfin gudun da a wata motar zai tafi a zafin birki ya zuba shi cikin batir. Kamfanin Toyota ne ya fara fitar da irin wannan mota da yawa a kasuwa, da Prius a Japan a shekarar 1997, kuma ƙaramar mota ce da aka ƙera don tsimin mai. Bayan shekara goma, a 2007, reshensa na motocin alfarma ya fitar da Lexus LS 600h, salun mai ƙofa huɗu da injin silinda takwas mai lita 5, wadda nauyinta ya haura tan 2, farashinta kuma a Amurka ya wuce dala 100,000. Lambar 600 da ke sunanta nuni ce da cewa ƙarfinta ya kai na injin lita 6, kuma a nan manufar ta bayyana: lantarkin da a Prius aka sa shi don rage shan mai, a wannan motar an sa shi ne musamman don ƙarin ƙarfi da tafiya shiru. A ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka tsiminta a kan 'yar'uwarta LS 460, mai fetur zalla, bai taka kara ya karya ba, a doguwar hanya ma 'yar'uwar ta fi ta. Motocin da suka biyo baya, irin su ES 300h da LS 500h, sun fi ta tsimi ƙwarai, amma duk da haka wanda tattali ne kaɗai ya dame shi zai same shi a motar da ba ta kai rabin kuɗinsu ba. Don haka hujjar tsimi gaskiya ce ƙarama da ake ɗora wa kaya mai nauyi, ko da yake ta ƙara farin jini a Najeriya tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin lita ya ninka har ya haura naira 1,000 a shekarar da ta biyo baya.

Da yawa daga malamai sun bambanta tabziri da israfi. Tabziri, wanda Hausa ke kira almubazzaranci, shi ne kashe dukiya inda bai dace a kashe ta ba ko kaɗan, israfi kuwa shi ne wuce gona da iri a inda asalin kashewar halal ne. Motar alfarma ba ta shiga na farko, tun da hawa halal ne, saboda haka shari'arta tana wajen israfi, shi kuma israfi ba shi da adadin da aka yanke, yana bin samun mutum da nauyin da ke kansa da abin da aka saba a garinsu. Imam Shaɗibi, malamin Andalus da ya rasu a 1388, ya yi bayani a littafinsa Al-Muwafaƙat cewa maslahohin ɗan Adam hawa uku ne: larurori, waɗanda rayuwa da addini ba sa tsayuwa sai da su, buƙatu, waɗanda rashinsu ke jawo ƙunci, da abubuwan kyautatawa, waɗanda ke ƙara wa rayuwa kyau. Ƙa'idarsa ita ce na ƙasa ba ya cin na sama. Kujerar fata mai sanyaya baya da gilashin da ke tare ƙarar titi suna hawa na uku, kuma babu laifi a cikinsu ga wanda ya sauke ciyar da iyalinsa da iyayensa, ya biya bashinsa da ladan ma'aikatansa, bai kuma sayi motar da rance mai kuɗin ruwa ba. Akwai kuma wata kafa da ba a cika kula da ita ba. Abin hawan da mutum ke amfani da shi ba a fitar masa da zakka, alhali kuɗin da suka cika nisabi suka shekara a hannu ana fitar da kashi 2.5 cikin ɗari, saboda haka duk miliyoyin da suka koma mota sun fita daga rabon talaka. Wannan halal ne idan hawa aka nufa, amma a mazhabar Malikiyya wanda ya juya dukiyarsa gab da cikar shekara don gudun zakka, zakkar ba ta faɗi daga kansa ba.

Inda lamarin ya fi zurfi shi ne abin da ke biyo bayan ranar saye, domin irin wannan mota alkawari ce ta shekaru. Batirin LS 600h yana ɗauke da bolt 288, ƙarfin da zai iya kashe wanda ya taɓa shi cikin jahilci, shi ya sa ake yi wa wayoyinsa launin ruwan lemo don gargaɗi, kuma ba kowane bakanike ba ne ya cancanci buɗe shi. Zafi shi ne babban abokin gabar batirin, yana da fankar da ke jawo masa iska daga cikin mota, wadda idan ƙura ta toshe ta sai ya riƙa zafi yana mutuwa a hankali ba tare da direba ya lura ba. Na'urar da ke juya lantarkin batir zuwa wanda injin ke amfani da shi tana da nata ruwan sanyaya dabam da na lagireto, ajiye motar wata da watanni ba hawa yana raunana batirin, kayan gyaranta kuma daga waje suke zuwa da farashin dala. Wanda ya shigo da irinta Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ya kawo ta inda zafin bazara ke wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma ke shiga kowace kafa, don haka kulawar da take buƙata ta ninka ta ƙasar da aka ƙera ta. A hukuncin addini wannan kulawa ba ta cikin israfi, tana cikin kiyaye dukiya, domin hadisi ya hana tozarta dukiya, kuma wanda ya kashe maƙudan kuɗi a mota sannan ya yi ƙyashin canza baƙin mai a kan kari, ko ya miƙa ta ga wanda bai san kanta ba don arha, ya tozarta abin da aka ba shi amana. Abin da ke biyowa daga nan yana da tsauri: wanda kuɗinsa ya isa saye amma bai isa riƙo ba, israfinsa ya tabbata tun ranar da ya biya, ko da kuɗin halal ne tsantsa, domin ya ɗaura wa kansa hidimar da sai dai ta ci haƙƙin iyali ko ta kai dukiyar ga lalacewa.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ƙara wani ma'auni a Ihya'u Ulumiddin, inda ya nuna cewa zuhudu, wato gudun duniya, aikin zuciya ne kafin ya zama aikin hannu, ta yadda mawadaci zai iya zama mai zuhudu, matalauci kuma ya zama bawan abin da bai mallaka ba. A wannan ma'auni abin tambaya shi ne gurbin da motar ta ci a zuciya: ko ƙarzanewar fenti tana hana mai ita barci, ko yana ƙin ɗaukar maƙwabci marar lafiya don kada kujera ta ɓaci, ko yana jin kansa ya ɗara mai keke. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya raba son kyakkyawar sutura da girman kai, ya bayyana girman kai da ƙin gaskiya da raina mutane, kuma mota mai baƙin gilashi da ke raba mutum da zafi da ƙara da fuskokin mabarata tana sauƙaƙa raini fiye da riga.

Sabuntawa kuwa, wato sauya motar da ke lafiya da sabon yayi, ita ce mafi raunin uzuri, kuma abin takaici ita ce mutane suka fi yabawa, ana yi wa mai ita barka ana cewa Allah ya tsare, wanda kuma ya riƙe tsohuwarsa tsaf shekara goma ana yi masa kallon wanda samu ya ja baya. A nan hujjar kare muhalli takan juya ta kama mai ita, domin ƙera sabuwar mota yana cin ƙarfe da makamashi da ma'adanai tun kafin ta sha lita ɗaya, kuma fiye da rabin kobalt na duniya, ma'adanin da ke cikin batura da yawa na litiyom, daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, inda wani ɓangare nasa talakawa ke haƙo shi da hannu cikin ramuka masu haɗari. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya koka a Tazyinul Waraƙat da yadda wasu mutanen zamaninsa suka karkata ga tufafin ƙawa da dawakin sukuwa a cikin gari, kuma abin da ya dame shi shi ne dokin da ya bar aikin da aka tanade shi dominsa ya koma abin nuni. Wanda ya sauya mota don fitilar sabuwar ta fi kyau, ko don abokin kasuwancinsa ya riga shi, ya faɗa cikin wannan kukan, kuma riya ba ta zama tattali don an haɗa ta da batir.

Sabuntawa tana kuma haifar da wani haƙƙi, domin tsohuwar motar hannun wani take komawa, galibi wanda bai kai mai sayarwa ƙarfi ba. Raunin batir ba ya bayyana ga ido, motar tana iya sheƙi a waje alhali ɗakunan batirinta sun gaji, kuma da ƙaramar na'ura ana iya goge gargaɗin da kwamfutar motar ta nuna, ya ɓace na kwanaki har ciniki ya faɗa. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, sun haramta ɓoye aibi a ciniki, sun kuma ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya gano aibin da ya riga ciniki kuma yake rage daraja. Batirin da sauya shi zai iya cin kaso mai tsoka na kuɗin tsohuwar motar yana cikin manyan aibobin da wannan hukunci ya shafa, saboda haka wajibi ne mai sayarwa da dillalinsa su faɗi shekarun batirin, da gyaran da aka taɓa yi masa, da duk gargaɗin da motar ta taɓa nunawa, tun kafin a yanke farashi.