Ƙarar Fainda Ba Hujja Ba Ce: Nasiha Ga Samari Masu Saita Dish

  

Ya kai ɗan'uwa matashi, wannan nasiha taka ce, kai da kake saɓa jakar sifana da kebul kana yawo daga Dosara zuwa Maradun, ko Bakura, ko Talatar Mafara, kana kafa wa mutane dish a gidajensu. Neman na kai ya fi zaman kashe wando, wannan babu ja a cikinsa. Amma kowace sana'a tana da hukuncinta, kuma wajibi ne ga baligi ya san hukuncin abin da yake aikatawa tun kafin ya sa hannu a ciki.

Bari mu fara da abin da ka sani. Taurarin ɗan'adam da ke aiko da tashoshin talabijin suna jere ne a saman layin da ya raba duniya biyu, watau ikwaita, a nisan kilomita 35,786 daga ƙasa. Suna zagayawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa a wurinmu kamar a tsaye suke cik. Nilesat yana digiri 7 ta yamma, Badr na Arabsat yana digiri 26 ta gabas, Astra yana 28.2, na Nijeriya kuwa, NigComSat-1R, wanda aka harba a watan Disamba 2011, an aje shi a digiri 42.5. Kai kana waje, cikin rana, talabijin yana cikin ɗaki, ba ka ganinsa. To, sai ka ɗaura fainda tsakanin LNB da risiba, ko kuwa ka ce a ƙure muryar talabijin don ka ji daga tsakar gida. Kana juya dish sannu a hankali, kunnenka na kan ƙarar nan. Ta yi ƙasa, ka san ka kauce. Ta ɗaga ta yi tsini, sai ka ce alhamdu lillahi, an kama.

To, an kama me?

A nan ne maganar take, ɗan'uwa. Ƙaramar fainda mai allura da fito ba ta san sunan tauraro ba. Ƙarfin abin da ya shigo cikin LNB kawai take aunawa. Dubi Badr da Astra: abin da ke tsakaninsu ya ɗan haura digiri 2 ne kurum, in hannunka ya ɗan goce ka tashi daga wannan ka faɗa wancan, ita kuwa fainda za ta ci gaba da kuka kamar babu abin da ya faru. Kai, ko bango ka fuskantar da dish, ko bishiyar darbejiya, ko ka tsaya da jikinka a gabansa, tana iya yin ƙara, domin kowane abu mai ɗumi yana fitar da nasa ɗan hayaniya da LNB ke ji. Saboda haka ne risiba take nuna layi biyu, ɗaya na ƙarfin sigina, ɗaya na ingancinta. Na ƙarfi yana iya cika alhali na inganci yana sifili, allo kuwa baƙi ƙirin. Gwani ba ya ɗaure noti sai ya aika ciki an duba layin inganci, an binciko tashoshi, an ga sunayensu da ido.

Yanzu ka tambayi kanka tsakaninka da Allah. Sau nawa ka ji ƙara ta ɗaga, hoto ya fito da kyar, ka san sarai ingancin yana bakin gaɓa, amma ka ɗaure, ka karɓi kuɗinka, ka hau babur? Maigida bai san layi biyu ba, shi dai ya ga hoto. A lokacin rani abin zai yi ta tafiya. Ranar da hadarin farko ya taso, ruwa ya sauka, siginar da dama ba ta da rarar ƙarfi sai ta ɗauke, domin ruwan sama yana raunana irin wannan sigina. Sai a sake kiranka, ka sake karɓar kuɗi a kan aikin da kai ne ka bar shi rabi. Wani ma da gangan yake barin noti sako-sako don iskar bazara ta kawo masa ciniki. Wallahi wannan algus ne, ko da ba mudu kake riƙe da shi ba. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya sa hannu a ciki ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya zarge shi a kan ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa maimakon ya sa shi a sama mutane su gani, kuma ya barranta daga mai yin algus. Jiƙaƙƙen hatsinka kai shi ne layin ingancin da ka ɓoye. Kira maigida, nuna masa, gaya masa gaskiya: "Baba, dish ɗin nan ya yi ƙarami ga tauraron da kake so, in damina ta zo zai riƙa ɗaukewa." In ya yarda a haka, ka fita.

Akwai kuma haƙƙin da ba na maigida ba. In ka hau katanga ko rufin soro, gidaje uku ko huɗu ne a buɗe ƙarƙashinka, da matan aure suna daka, suna wanki, ba su san da kai ba. Iyayenmu, in magini zai hau sama, sai an aika yaro maƙwabta ya sanar tukuna. Me ya hana ka? Aya ta 27 a Suratun Nur ta yi umarni da neman izini kafin shiga gidan wani, ta 30 kuma ta umarci muminai maza da runtse ido. Izinin da wannan maigida ya ba ka bai haɗa da gidan maƙwabcinsa ba. Aikinka na kunne ne, to, ka bar idonka a kan noti. Kuma ka kula da ranka: kada ka hau sama ana walƙiya, ka nisanci wayar lantarki, ka kashe risiba kafin ka taɓa kebul, domin wuta mai ƙarfin bolt 13 ko 18 take turawa zuwa LNB, in wayoyi suka haɗu kana iya lalata kayan mutane, biya kuwa yana kanka.

Abin mamaki, kunnen da ke rarrabe ɗan canjin fiton fainda a tsakiyar hayaniyar yara da janareto, shi ne yake cewa bai ji ladan ba. Sauko ka yi La'asar. Tauraron yana nan inda ka bar shi.

To, ɗan'uwa, ɗauki wannan darasi na sana'arka ka shiga da shi ɗaki. Dish ɗin da ka kafa zai kawo tashoshi da yawa, a cikinsu akwai masu magana da sunan addini, wani da tattausan harshe, wani yana ɗaga murya har lasifika tana rawa. Samari da yawa a yau da ƙara suke auna malami: wanda ya fi tsawa, ya fi zafi, ya fi tara jama'a, shi ne mai gaskiya. Kai kuwa ka san fainda tana yi wa bango kuka. Tambayi mai magana: wace aya ce? Wane hadisi ne, wa ya ruwaito shi, ya inganta ko bai inganta ba? Yaya magabata suka fahimce shi? In ba ka da ilimin dubawa, ɗauki maganar ka kai wa malamin da ka san karatunsa da halinsa, kamar yadda kake aikawa ciki a duba maka allo. Haka nan labari. A ƙasarmu ta Zamfara, da irin halin tsoron da aka sha, ka san abin da jita-jita guda take iya yi: kasuwa ta watse, a zargi wanda bai ji ba bai gani ba. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike kafin mu yi aiki da labarin da fasiƙi ya kawo, don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Wanda ya tura labari bai tabbatar ba, ya ɗaure noti ne a kan ƙara.

Saura abu guda, domin na taɓa jin wani saurayi yana faɗinsa da ƙarfin hali. Sun sauka a wani gida baƙi, za su yi salla, sai ya ce a bi inda dish ya duba, ai na Larabawa ne, Makka yake kallo. Kuskure ne babba. Mu muna arewa da ikwaita, saboda haka duk dish ɗin da ke ƙasarmu yana karkata ne zuwa kudu, ko kudu maso gabas, ko kudu maso yamma. Alƙibla kuwa daga Dosara gabas ce tana ɗan karkata arewa, wajen digiri 70 a kamfas. Dish ɗin Badr yana wajen digiri 120, na Nilesat ma kudu maso yamma ya duba, wanda ya bi shi ya kusa juya wa Ka'aba baya. In ka sauka inda ba ka sani ba, tambayi mutanen gida, ko ka dubi masallacin unguwa, ko ka fito da kamfas ɗin nan da ke cikin jakarka.