Kiyasi a Ƙarƙashin Mota

Duk wanda ya taɓa tashi daga Tawa ya nufi Abalak, ko ya saki kwalta ya karkata wajen Cintabaradan da Tasara, inda gargada ke girgiza mota tun hantsi har la'asar, ya san cewa abin da ke fara gajiya a jikin Land Cruiser shi ne ƴar robar nan da aka cusa a idon sifirin da cikin hannuwan da ke riƙe da ƙafafun gaba, domin kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Zafin bazara ya busar da ita, rairayi ya goge ta, lodin hatsi da jarkokin ruwa da fasinja ya murƙushe ta. In kuwa aka je kasuwa ba a sami tata ta asali ba, ko aka samu kuɗinta ya fi ƙarfin mai mota, sai makanike ya ɗauko ta wata mota ƴar'uwarta ya saka.

Ni a ganina wannan aiki kiyasi ne, ko da mai yin sa bai taɓa zama gaban malamin usulu ba. Malamai sun ce rukunan kiyasi huɗu ne, asali da reshe da hukunci da illa, kuma a wajen gano illa ne ƙafa ke zamewa. A 1984 kamfanin Toyota ya fito da jerin 70, sifirinsa falle-falle gaba da baya. A 1999 ya mai da na gaba mai naɗi, ya yi masa hannuwa irin na jerin 80 da ya fito a 1990. Saboda haka makaniken da ya sa robar hannun 80 a gaban 79 ta jerin 70, ya yi kiyasi ingantacce, gama ƙira ɗaya ce, aiki ɗaya ne. Amma wanda ya dubi faɗin rami kawai, ya sassaƙe robar ƙaramar mota ko ya yanko tsohuwar taya ya dunƙula ya buga da guduma, yana cewa ai ta shiga, wannan ya riƙi kama ya saki illa, alhali kama da wane ba wane ba ne.

Akwai kuma wata mas'ala wadda ta fi wannan zurfi, ita ce ta ƙarko. Mai mota yana son abin da zai daɗe, kuma ban ga laifinsa ba, domin mutumin da motarsa ta tsaya tsakanin Tiliya da Tasara ba shi da shagon da zai leƙa. Sai a ba shi roba mai tauri, a ce wannan ba ta mutuwa. To, amma hikimar da ta sa maƙera suka sanya abu mai laushi a wannan wuri ita ce ya sha dukan hanya ya ƙare, a cire shi da kuɗi kaɗan. Idan ya ƙi sassautawa, dukan ba ya ɓacewa, yana wucewa ne zuwa ga ƙusa da kunnen da ke riƙe da ita da wajen walda, har wata rana ƙarfe ya tsage da mutane a bisa. Illar hukunci a nan sassauci ce, daɗewa kuwa fa'ida ce da ke biye, kuma wanda ya juya wannan tartibi ya tsare abu mai araha da hasarar mai tsada.

Mazhabarmu ta Malikiyya ba ta bar mai sana'a sakaka ba. Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, a cikin Risala wadda almajiran Adar ke karantawa a zaure, ya ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da suka keɓanta da su, ko da yake asalin wanda aka ba amana ba ya biya. Malamai suka ce maslahar jama'a ce ta wajabta haka, tun da mai kaya ba ya ganin abin da ake yi a bayan idonsa. Ina wurin da ya kai ƙarƙashin mota ɓoyuwa? Lalura ta halatta wa makanike ijtihadi, ban yi jayayya ba, sai dai da sharaɗin bayani: ya ce, Alhaji, wannan ta 80 ce, wannan kuma yankan taya ce, za ta kai ka Abalak, kada ka wuce da ita da lodi. Yin shiru a nan algus ne, ko da niyyarsa sauƙaƙawa ce.

Sa'an nan ya cika aikinsa, kada ya ɗaure ƙusa tamau mota tana bisa jak, sai ya sauke ta ta zauna da nauyinta. In ba haka ba robar za ta kwana a murɗe, ta yage kafin lokacinta, a ɗora wa kayan laifi alhali na hannu ne.