Diddigi da Dutsen Washi

A kan hanyar Dutsinma, cikin ƙaramar hukumar Batagarawa, inda Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa take, kalmar "bincike" ba ta fita daga bakin ɗaliban ajin ƙarshe. Wannan yana neman malamin da ke duba kundinsa, wancan yana raba takardun tambayoyi. Kaɗan ne ke tsayawa su tambayi kalmar kanta abin da ta ƙunsa.

Japanawa sun yi wa tasu kalmar wannan tambaya, domin rubutunsu yana nuna asalinta a fili. Suna ce wa binciken ilimi kenkyu, da alamomi biyu: ta farko tana nufin wasa wuƙa ko goge abu har ya yi sheƙi, ta biyu kuma kaiwa maƙura, kuma a kanta akwai alamar rami. Mai bincike ke nan maƙeri ne da dutsen washi, kuma mai haƙar rijiya ne da ba ya fitowa sai ya ga ruwa. Suna da tankyu, neman gaskiyar abu da naci, wadda tun 2022 ta zama sunan wani darasi a manyan makarantun sakandarensu.

Bahaushe shi ma da hoto yake magana. Bin diddigi aikin mai bin sawu ne, ido a ƙasa, har sai an kai inda tafiyar ta faro. Daga Larabci ya aro nazari, wato duban hankali, da bahasi, da tahakiki, wanda tushensa ɗaya da haƙƙi da haƙiƙa. Sai dai a jaka ɗaya ya ajiye bin ƙwaƙƙwafi da tonon silili da sa-ido, waɗanda ba a yabon mutum da su. Wanda ya ce matambayi ba ya ɓata, shi ne kuma ya ce garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta.

Abin mamaki, Japananci ma yana da wannan rabo. Kalmar tsuikyu furuci ɗaya ce, amma ana rubuta ta iri uku: neman cimma buri, zurfafa nazari, da tsare mutum da tuhuma. Kunne ba ya rarrabe su, sai alƙalami.

To ina iyakar tono? Malaman ƙasar Hausa sun daɗe da wannan muhawara. Littafin tauhidi na Imam Sanusi, malamin Tilmisan da ya rasu a 1490, ya zama abin karatu a zaurukan Katsina da Kano, kuma yana kwaɗaitar da baligi ya san Ubangijinsa da hujja, kada ya tsaya ga taƙalidi. Daga baya wasu almajirai suka mai da wannan makami. Sukan tare manomi ko tsohuwa da tambayoyin ilimin kalam, in an kasa amsawa su yanke hukuncin kafirci. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya yi rubuce-rubuce da dama yana yi musu raddi. A wurinsa wanda ya furta shahada kuma ya bayyana Musulunci Musulmi ne, abin da ke zuciya kuwa na Allah ne. Bai hana nazari ba, domin rayuwarsa kaf karantarwa ce. Abin da ya ƙi shi ne a bar binciken hujja a koma binciken zukatan bayin Allah.

Wannan bambanci ya fi zurfin tonon muhimmanci, kuma yau da wayar hannu ya fi matsa wa mutane. Ɗalibin da zai kwashe kundin wani ya sa sunansa, ko ya tura labarin WhatsApp bai tantance ba, shi ne zai kwana yana tono tsohon hoton abokiyar karatunsa. Ya yi sakaci inda aka umarce shi da bincike, ya yi ƙwazo inda aka hana shi. Suratul Hujurat ta haɗa hukuncin duka biyun: aya ta 6 ta yi umarni da tantance labarin da fasiƙi ya kawo, aya ta 12 ta hana leƙen asirin juna. Ayoyi biyar ne kacal tsakaninsu.