Busa Na'ura Ba Cin Mutunci Ba Ne

Direbobinmu masu bin hanyar Legas zuwa Ibadan sun san abin: jami'in kiyaye haɗurra ya tsayar da kai, ya miƙo na'ura ya ce ka busa. Sai wani ya fusata, wai shi Musulmi, me ya haɗa shi da ogogoro?

To malam, jami'in bai san zuciyarka ba, numfashinka kaɗai zai iya aunawa. Na'urar nan shaidarka ce. In ka ƙi busawa, ka bar maganar a hannun zatonsa, ƙofar "a sasanta" kuma ta buɗe.

Haƙƙinka yana nan. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har ya ga lauya, kuma dole a sanar da shi dalilin kamun.

Abin da ya fi damuna daban ne. Na'urar giya take kamawa, ba ruwanta da tiramol. Yaro ya haɗiyi ƙwaya a Ogere, ya busa, ya wuce da tirela yana alfaharin ba ya sha. Maigidan da ya ba shi makulli ya sani, mu ma da muke zaune da shi a Sabo mun sani.